Mai Hoto a Ayarin Mawaƙa

A ranar 1 ga Yunin 1975 ƙungiyar mawaƙan rok ta Ingila, Rolling Stones, ta fara rangadin Amurka daga garin Baton Rouge, ba ta sauke kaya ba sai 8 ga Agusta a Buffalo. A cikin ayarin har da wata budurwa 'yar shekara 25 wadda ba ta kiɗa ba ta waƙa, Annie Leibovitz. Tun 1973 ita ce babbar mai ɗaukar hoto ta mujallar Rolling Stone, kuma jagoran ƙungiyar, Mick Jagger, shi da kansa ya nemi ta bi su.

Mai hoton da jarida ta aiko daban, mai hoton gida daban. Na jarida, a tsarin da ake bi yau, a gindin dandamali ake tsayar da shi, ya ɗauki waƙoƙi uku na farko ba tare da haska fitilar kyamara ba, sannan a sallame shi. Abin da mawaƙi ya shirya nuna wa duniya, shi kaɗai zai samu. Na gida kuwa jirgi ɗaya suke shiga, otal ɗaya suke kwana, ɗakin canja kaya ma ba a yi masa shamaki. Wasa bai fi 'yan awoyi ba, sauran yinin jira ne da gajiya da gardama, kuma a nan hoton kirki yake.

Dubi abin da Leibovitz ta samo. A Montauk, inda suka yi atisaye kafin tafiya, gilashi ya yanki Jagger a wuyan hannu, ta matsa ta ɗauki ɗinkin, zare-zare ana ƙirgawa. A Buffalo ta ɗauke shi cikin lif, sanye da rigar wanka, ya naɗe kai da tawul, duk ya yi laushi. Ba a samun irin wannan sai mutane sun manta akwai kyamara a ɗakin, kuma ba sa mantawa sai mai ita ya zama ɗan gida. Ga shi zamanin fim ne: hoto 36 a naɗi guda, ba ka sanin abin da ka kama sai an wanke.

Sai dai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ayarin nan hodar ibilis ta yi masa katutu, Leibovitz ta koma gida da jarabar, ta kwashe shekaru tana fama kafin a yi mata magani a cibiyar gyaran hali. Masu sha'awar hotunan ba su cika kawo wannan a lissafi ba, a ganina kuwa yana cikin kuɗin da aka biya.

Akwai kuma batun iko. Wanda ya buɗe maka ƙofa yana iya rufe ta. Robert Frank, gwanin hoto haifaffen Suwizalan, ya bi wannan ƙungiya a rangadin 1972, ya haɗa fim da ya tona shaye-shaye da shashancin bayan fage. Da mawaƙan suka gani sai suka garzaya kotu. Hukuncin da ya fito ya hana nuna fim ɗin sai in Frank yana wurin da kansa.