Guza Da Akurkin Kajinki

Yau hirar tamu a kan guza ce, wanda wasu ke kira tsari. In kina kiwon kaji a Gwarzo, ko a Kabo kusa da madatsar ruwan Guzuguzu, ki ba ni aron kunnenki, don ƙwan da kike tarawa na zubin adashi shi ma yana so.

Guza daban, damo daban. Damo sarkin haƙuri gajere ne mai kauri, abincinsa ƙwari da ƙadandoniya da dodon koɗi, kuma da rani yakan shige rami ya yi watanni bai ci komai ba. Guza kuwa ɗan bakin ruwa ne, gwanin iyo da hawan bishiya. Tsawonsa kan kai mita 2, duk Afirka babu ƙadangaren da ya kai shi tsawo. Yana cin kifi da kwaɗi da ɓeraye da 'yan tsaki, har ƙwan kada bai bari ba. Harshen nan nasa mai reshe biyu, da shi yake jin ƙanshin abinci, shi ke kai shi akurki.

Ki ji ikon Allah. Da damina, idan suri ya yi laushi, macen kan haƙa shi ta zuba ƙwai, wani lokaci har 60. Gara ta zo ta liƙe ramin, ɗumin surin ya rene su, bayan watanni 'ya'yan su fito da kansu.

To, yaya za ki tsare kajinki? Ki riƙa kwashe ƙwai kullum. Ki sa maigida ya ɗaga akurkin daga ƙasa, ya toshe kafofinsa, a sa raga a bakin rariya. Da rana yake farauta, saboda haka kifa kwando a kan 'yan tsaki lokacin da gida ya yi tsit.

In ya shigo, kada yara su rutsa shi. Ba shi da dafi mai kisa irin na maciji, amma yana bulala da wutsiya, yana yakushi da cizo. A ba shi hanya ya fice. Wanda ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti. Kada ki manta yana rage mana ɓeraye a gona.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.