Ko Kun Sani? Kirsimeti a Ƙasar Katsina

Ko kun sani cewa a ƙauyukan Matazu da Malumfashi da Ƙafur, kudu da Dutsin-Ma, akwai Hausawa mabiya addinin Almasihu, galibinsu zuriyar Maguzawa, waɗanda ke raya ranar 25 ga Disamba da Hausa tsantsa, tun daga wa'azi har waƙoƙin Zumuntar Mata? Da yake bikin yana zuwa bayan kaka, sa'ad da rumbuna suka cika, hunturu kuma ya kankama, sai 'ya'yan da neman ilmi ko abin masarufi ya kai birane su komo gida, a yi wa yara ɗinki, a yanka kaji, a aika wa maƙwabta Musulmi kwanon shinkafa, su kuwa su rama alheri ran Salla.

Amma kyautar da ta fi daraja, a ganina, ita ce Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, bayan shekarun da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka shafe suna tarjama. Akan sami dattijon da zai miƙa wa ɗansa nasa, ko da bangonsa ya ɗaye.