Idan Yaro Ya Ce Ba Ya Son Sunansa

Yarinya 'yar shekara 11 ta dawo daga makaranta, ta jefar da jaka a tsakar gida, ta ce daga yau kada wanda ya ƙara kiranta Ajuji. Uwa tana bakin murhu, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ke, ba na son sakarci. Kakarki ce ta sa miki." Abin da uwar ba ta gani ba shi ne, duk sanda malam ya kira sunan a aji sai yara su kwashe da dariya, wani ya nuna kwandon shara.

Ajuji kuwa ba sunan wulaƙanci ba ne. Macen da ke wabi, wadda 'ya'yanta ke rasuwa tun suna jarirai, a da akan kai jaririnta kan juji a ajiye, sannan a ɗauko, a nuna kamar ba a damu da shi ba, wai ko mutuwa ta kau da kai. Daga nan Ajuji da Ayashe da Abarshi suka samo asali. Tsananin so ne da fargaba suka haifi sunan. To amma wa ya taɓa zaunar da yarinyar ya ba ta wannan labari?

Kafin a hau yaro da faɗa, a fara tambayarsa wane sunan ne ba ya so, domin Bahaushe da wuya ya tsaya a suna ɗaya. Akwai sunan yanka, wanda liman ke raɗawa ranar bakwai. Akwai kuma na gida: Tanko ga namijin da ya biyo mata, Kande ga macen da ta biyo maza, Gambo ga mai bin tagwaye, Cindo ga mai yatsa shida. Ga na alkunya, irin su Abba da Ummi, da ake ɓoye sunan kaka da su. Sau da yawa ƙorafin yaro a kan laƙabi yake, kuma barin laƙabi ba ya cin ko sisi. A koma kiransa da sunan yankansa kawai, a roƙi kakanni su yi haƙuri. (Nan ne fa aikin yake.)

Wani yaron kuma ba abin da ke damun sunansa, wani sunan ya ji a fim ya yi masa daɗi. Irin wannan a ba shi labarin takwaransa, a kuma ba shi lokaci, yakan wuce.

Idan ma'anar sunan ce ba ta da kyau, addini bai ɗaure kowa ba. Manzon Allah (SAW) ya sauya wa mutane da dama suna. Wata 'yar Sayyidina Umar ana kiranta da sunan da ke nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. A bakin Bahaushe sunan yana fita kamar Asiya, amma a Larabci ya sha bamban da na Asiya matar Fir'auna, don haka masu wannan suna su kwantar da hankalinsu. Wata mai suna Barra, wato mai yawan nagarta, ya mayar da ita Zainab saboda sunan yana ɗauke da yabon kai. Kakan Sa'idu bn Musayyib sunansa Hazn, ma'ana mai kaushi, aka ce masa ya zama Sahl, mai sauƙi, sai ya ce shi ba zai sauya sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Jikan nasa ya ce kaushin hali bai bar gidansu ba tun daga nan. Hujjar Hazn ita ce dai muke ba yaranmu yau. A waɗannan ruwayoyi kuma babu inda aka ce an sake yanka rago.

Inda wuyar take a Najeriyar yau shi ne takardu. Sunan da ke kan takardar haihuwa shi ake so a gani a lambar NIN, kuma tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da wannan lamba. Ga WAEC da NECO, ga BVN na banki can gaba. Wanda ya sauya suna bayan duk an buga waɗannan, sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya buga sanarwa a jarida, sannan ya bi ofis-ofis yana gyara, kuma harafi ɗaya da ya saɓa yana iya tsayar masa da gurbin karatu.

Saboda haka iyaye, in har za a sauya, a sauya tun yaro bai kai aji shida na sakandare ba. Yau ɗin nan ku ɗauko takardar haihuwarsa da ta NIN da rajistar makaranta, ku jera su, ku ga ko suna ɗaya ne a kai.