Kaka Ta Yi: Mu Yi Murna, Amma Kada Mu Ƙone Rumbu

Wani tsohon ɗalibina da ke zaune a Ingila tare da amaryarsa ya aiko mini da hotuna uku ta waya a farkon watan Nuwamba. A na farko suna tsaye a bakin kogi da dare, sun ƙudundune cikin manyan riguna, sama kuwa ta cika da wasan wuta, ja da kore da fari. A na biyu ga kabewa an rarake cikinta, an yanka mata idanu da haƙora, an kunna kyandir a ciki. A na uku su biyu suna ɗakin girki, hannuwansu duk fulawa, suna toya waina irin ta Turawa mai siffar ƙoƙon kan mutum da gizo-gizo.

Na miƙa wa uwargidana wayar muna zaune a tsakar gida a nan Masama, tana sussukar gero. Ta duba ta daɗe, sa'an nan ta ce, "Malam, wannan kuma wane irin biki ne?"

Abin da suke tunawa

Bukukuwa biyu ne, ba ɗaya ba. Na kabewa shi ne Halowin, ranar 31 ga Oktoba. Sunan yana nufin jajiberen Ranar Dukan Tsarkaka, wadda ekklesiyoyi da yawa suke kiyayewa ran 1 ga Nuwamba. Amma al'adun fatalwa da dodanni sun gauraya da tsohon bikin ƙarshen girbi na mutanen Ayalan da Sukotlan. Da mutanen Ayalan suka yi ƙaura zuwa Amurka, sai suka tarar da kabewa ta fi sauƙin rarakewa, ta zama alamar bikin.

Na wasan wuta kuwa, ran 5 ga Nuwamba ake yinsa. A shekara ta 1605 aka kama wani mutum mai suna Guy Fawkes a ƙarƙashin majalisar dokokin Ingila da ganga 36 na albarushi. Shi da abokansa sun yi niyyar tarwatsa majalisar da Sarki James a ciki, wato sarkin nan da aka buga fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci ta 1611 da izininsa. Tun daga lokacin suke hura wuta kowace shekara domin tunawa da tsirar sarki.

Da na gama bayani, uwargida ta ce, "Dodannin nan dai ba na so a gidana. Amma dubi yadda mijin ya tsaya kusa da ita a wurin tuya." Ta mayar mini da waya, ta ci gaba da sussuka. Maganar nan ta kwana a zuciyata.

Mu ma muna da kakarmu

Ba sai mun yi aro ba. A ƙasar Gwandu da Kalgo, da zarar ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai, shinkafar fadama ta nuna, sai gari ya canja. Kasuwa ta cika, a ɗaura aure, 'yan dambe da 'yan kokawa su fito fili. A kudancin jiharmu ta Kebbi, mutanen Zuru suna da Uhola, bikin godiya bayan girbi. Can gaba, in sanyi ya fara janyewa, ga bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934.

A cikin ekklesiya kuma muna da sujadar godiya ta kaka, ranar da ake jera damman hatsi da kabewa da kaji a gaban majami'a. A Ingila, wani fasto mai suna Robert Hawker ne ya raya wannan al'ada a ƙauyen Morwenstow a 1843. Amma tushenta ya fi haka nisa. A Littafin Firistoci sura 23 an umarci Isra'ilawa su yi Idin Bukkoki kwana bakwai bayan sun tattara amfanin ƙasa. A cikin surar nan kuma aka ce su bar gefen gona da kala domin matalauta da baƙi. Da irin wannan kala Rut ta ciyar da surukarta. Ashe murnar kaka ba laifi ba ce. Tambayar ita ce, yaya za a yi ta, da wa kuma?

Wuta iri biyu

Bari in faɗi laifina, domin wani ya tsira. Wata shekara Allah ya ba mu albarka fiye da kullum. Ban yi shawara da kowa ba, na kwashi buhunan dawa na kai kasuwa a lokacin da kowa yake sayarwa, farashi a ƙasa. Na ɗinka babbar riga, na sayo akuya, na sayo wa yara nokawut kwali guda domin Kirsimati. Uwargida ba ta ce kome ba, amma na ga ta leƙa rumbu sau biyu.

Daren jajibere, iskar hunturu tana kaɗawa, ɗanmu na fari ya jefa nokawut ta faɗa kan karan dawa da maƙwabcinmu ya jingine domin dabbobinsa. Kafin ƙiftawar ido wuta ta kama danga. Ba domin maƙwabta sun fito da bokitai ba, Musulmi da Kirista, da rumbunsa ya tafi. Mutumin kirki ne, ya ce ba kome, amma kunyar da na ji ba ta faɗuwa. Ba banza ba 'yan sanda sukan hana wasa da nokawut a ƙarshen shekara. A Ingila manyan wasannin wuta ana yinsu a fili, da 'yan kwana-kwana a kusa, ƙasa kuma a jiƙe. Mu kuwa jinka da zana da kara sun bushe ƙayau, suna jiran ƙyastu ɗaya.

Wuta ta biyu ba ta da hayaƙi. Ta kama mu a watan Yuli, lokacin da rumbu ya nuna gindinsa, sabon gero bai iso ba. Dawar da na sayar da arha, ita na koma ina awo kwano kwano da tsada, har na ci bashi a kan albashina. Wanda ya ga ambaliyar 2020, yadda ta shafe gonakin shinkafa a jihar nan, ya san cewa damina ba ta yi wa kowa alkawari ba. Abin da ke cikin rumbu a watan Nuwamba, shi ne ran yara a watan Agusta.

Yadda muke yi yanzu

Tun daga wannan shekara muka sake shiri. Ranar da aka gama kawo amfani gida, bayan yara sun yi barci, mukan shimfiɗa tabarma mu biyu da fitila da littafin rubutu. Mu ƙidaya damma da buhuna. Na Ubangiji da na gwauraye da marayu a ware tukuna. Sai iri. Sai abincin gida har zuwa sabon hatsi, ita ce mai faɗin wannan, domin ita ta san kwano nawa tukunya take ci a mako. Sai kuɗin makaranta na zango na biyu. Abin da ya rage shi ne na biki, ko da kaɗan ne, mu ci shi da zuciya ɗaya.

Na kuma koyi zama a wurin tuya. Ita takan kwaɓa fulawa da sukari da bota da ƙwai, ni in murza da kwalba in yanka cincin. Ba mu da tanderun zamani, amma tukunya da yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, gwangwanayen madara a ciki, suna fitar da kek mai kyau. Yara su yanka nasu da siffar kifi da tauraro da zangarniyar gero. Kabewa kuwa ba mu yi mata haƙora, miyar taushe take zama, a ci da masa. Kwano na farko na maƙwabcin nan ne.

Ranar farko da abokaina suka same ni da fulawa a hannu sun yi dariya, suka ce malam ya zama mijin ta ce. Na ce musu, matar da ta yi shuka tare da ni, ta kai abinci gona, ta yi sussuka da shiƙa, ba daidai ba ne ranar murna ta iske ta ita kaɗai cikin hayaƙi, ni kuwa ina dandali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In an gama, mukan fita ƙofar gida mu zauna. Sararin kaka a Masama ba ya bukatar albarushi, taurari sun isa kallo. Na rubuta wa ɗalibina na ce ya ajiye dodanni a can, amma ya riƙe halin nan na tsayawa kusa da matarsa.

Ɗan'uwa mai karatu, kafin ka kai buhu na farko kasuwa bana, ka tambayi uwargida. Sa'an nan ka wanke hannu, ka zo a yanka cincin.