TARO YA WATSE, WA ZAI KWASHE LEDA?

Da zarar an gama girbi a ƙasar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, sai lokacin tarurruka ya kama. Ga bikin godiya na kaka, ga Kirsimati, ga taron Zumuntar Mata da na matasa, ga ɗaurin aure kusan kowace Asabar. Wannan abin murna ne ƙwarai. Amma duk wanda ya bi ta filin taro kashegari zai tarar da ledar fiya wata da baƙar leda da farar robar zuba abinci sun rufe ƙasa, iska tana kwasarsu zuwa gonakin maƙwabta.

Wani zai ce ai leda ce kawai. To, a tambayi mahauta. Sau da yawa sukan farke tumbin akuya ko na saniya su iske dunƙulen leda a ciki. Dabbar takan yi ta rama, maigida yana ta sayen magani, alhali leda ce ta cushe mata ciki. Manomi kuma da ya kai takin juji gona, leda ce garmarsa ke tonowa shekara da shekaru, domin ba ta ruɓewa kamar ganye. Idan ta toshe kwalbati ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Idan aka ƙona ta, yara ne ke shaƙar hayaƙin.

Ɓarnar ba ta tsaya a ƙauyukanmu ba. Kogin Kano yana ratsa dajin Falgore kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Daga Tiga ne ruwa ke zuwa gonakin noman rani na Kadawa da Kura. Ashe abin da aka yar a rafin bayan gari yana iya kai wa ga mutanen da ba mu taɓa gani ba. Haka kuma kowane babban taro yana cin itace tuli guda, ga dajin Falgore da na Dansoshiya suna fama da masu sara da masu yin gawayi.

Wasu wurare sun riga sun tashi tsaye. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar zuba kaya tun shekarar 2008, Kenya ta bi baya a 2017. A nan gida, Jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci a watan Janairu na 2024. Amma mu masu bi ba sai mun jira doka ba. Littafin Farawa 2:15 ya nuna mana aiki biyu aka ba Adamu a gonar Aidan, wato noma da kuma tsaro. A Yohanna sura 6, bayan Ubangijinmu ya ciyar da mutum dubu biyar, bai bar wurin haka nan ba, sai da ya sa almajiransa suka tattara gutsattsarin da suka rage har kwando 12. Wanda ya iya yawaita gurasa bai yarda a yi almubazzaranci da ita ba, balle mu.

Saboda haka ga shawara ga kwamitocin shirya taro. Na farko, a rubuta cikin takardar gayyata cewa kowa ya zo da kwanonsa da kofinsa, kamar yadda iyayenmu suke zuwa da ƙwarya da akushi. Na biyu, a tanadi ruwan rijiyar burtsatse cikin randuna ko durom mai murfi da famfo, a ɗora wa mutum ɗaya kula da tsabtarsa, kada garin gudun leda a faɗa wa amai da gudawa. Inda ya zama dole a sayi fiya wata, a ajiye buhu kusa da kowane layin kujeru. Na uku, a raba shara gida biyu: ragowar abinci da ganye su tafi ramin taki, roba da gwangwani a tara wa masu saye. Na huɗu, a gina murhun laka mai tare iska a madadin duwatsu uku, gama ya fi rage cin itace. Na biyar, kada a yi addu'ar rufe taro sai an nuna wa jama'a waɗanda za su share fili. Ikilisiyar da ta karɓi baƙi kuma ta dasa itatuwa da damina, ta sa yaran makarantar Lahadi su riƙa ba su ruwa da rani.

Sai 'yan'uwanmu 'yan kasuwa: masu shaguna da gidajen abinci, masu kemis, masu injin niƙa da casar shinkafa, da makanikai, daga Kwanar Dangora har Tudun Wada. Biyan kuɗin lasin ga ƙaramar hukuma wajibi ne, amma takarda ba ta share ƙofar shago. Mai shago ya tambayi mai saye ko yana bukatar leda kafin ya ƙulla masa. Mai abinci ya ɗan ƙara wa wanda ya zo da kwanonsa. Makanike ya tara baƙin mai a jarka, kada ya tuttular a lambatu. Mai casa ya ba masu kiwon kaji ɓuntu su yi shimfiɗa da shi, ya fi a cinna masa wuta. Ba sai duba-gari ya zo da takardar tara ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Muna zaune ne tare da maƙwabtanmu Musulmi, rijiyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, awakinmu tare suke kiwo. Su ma addininsu ya ɗauki tsabta da muhimmanci, don haka wannan aiki ne da za a iya kai wa gaban mai unguwa da dagaci a yi shi tare, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maƙwabcin da bai ji wa'azin da aka yi a taro ba zai ga filin da aka bari.

Muna roƙon fastoci da katikis da dattawa su sa wannan magana cikin zaman majalisar ikilisiya kafin taro na gaba. Ubangiji ya ba mu ikon riƙon amanar ƙasar da ya danƙa mana. Amin.