Canjin Kuɗi da Fataken Arewacin Yobe

A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canja launin takardun naira, ta rufe iyakokin ƙasa, ta kuma ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba. Irin wannan mataki ya fi cutar da fataken dabbobi na Dapchi, Gashuwa da Nguru, domin cinikinsu na kuɗi hannu ne, bankuna sun yi ƙaranci, abokan hulɗarsu na Nijar kuma naira suke ajiyewa. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya maimaita wannan wahala.

A Ajantina kuwa hauhawar farashi ce ta tilasta canjin: a 1992 austiral 10,000 ya koma peso ɗaya tak.