Me Ya Sa Aksil Ɗin Baya Ke Ta Kuka Bayan Canjin Giya?

A Amurka, masu a-kori-kura irin su Ford F-150 da Toyota Tacoma suna da wata al'ada: su cire tayoyin kamfani su sa manya masu inci 35. Motar sai ta yi nauyin tashi, don haka a buɗe aksil ɗin baya a canja giyoyin ciki, daga 3.55 zuwa 4.56 misali. Lissafin 4.56 shi ne haƙori 41 a babbar giya, 9 a ƙaramar giya, wato finiyon. Ƙarfin ja ya dawo, amma finiyon ya ƙanƙance, nauyi ya taru a kan haƙora kaɗan.

Daga nan ne wasu ke shiga zaryar gareji. Yau kuka, gobe yoyon mai, jibi boris ya ƙone. Galibi ba ƙarfen ne mai laifi ba, hannun da ya ɗaura shi ne. Zurfin shigar finiyon cikin babbar giya da siraran faifan ƙarfe ake saita shi, kuma ɗan wasan da ake bari tsakanin haƙoran bai wuce milimita 0.15 zuwa 0.25 ba a yawancin aksil. Wannan ba aikin ido ba ne. Agogon awo ake sawa, a shafa wa haƙoran rawayan fenti, a juya, a duba inda suka ciji juna. Sai ɗaurin notin finiyon: in ya yi sako-sako za a ji kuka da zarar an ɗaga ƙafa daga totur, in ya matse da yawa boris ya yi zafi ya mutu. Ɗan bututun ƙarfen da ke lotsewa a bayan notin kuwa sau ɗaya ake amfani da shi, amma masu ganin ƙyashin sabo kan mayar da tsohon.

Mai mota ma yana da nasa kason. Kamfanonin giya irin su Yukon sun ce a lallaɓa kilomita 800 na farko ba tare da jan tirela ba, sannan a juye man aksil ɗin.

Idan an gyara sau biyu kukan bai daina ba, a daina sayen giya, a auna kwandon aksil ɗin kansa. Wanda ya lanƙwashe saboda lodi ko faɗawa rami, duk giyar da aka sa masa cinye ta zai yi. Masu Hilux a nan gida da ke sha'awar manyan tayoyi, ku fara tambayar makanike ko yana da agogon awo kafin ya kwance noti ko ɗaya.